Yadda Ake Wanke Hanyar Hayaƙin EGR a Motar Haibirid Kafin Ta Ƙona Gasket

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, na lura mutane da dama a Sakkwato sun karkata ga motocin da ke haɗa fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibirid, saboda ƙarancin shan mansu. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani Toyota Prius ce zubi na uku, wato ƙirar 2010 zuwa 2015, mai injin lita 1.8 da ake kira 2ZR-FXE, kuma wannan injin ne dai ke cikin Lexus CT200h da Prius v. Injin ne mai juriya, sai dai yana da lago guda ɗaya wanda mai saye ba ya gani a wurin dillali, shi ne toshewar hanyar hayaƙin da ake kira EGR. Wanda yake da Prius zubi na biyu, ƙirar 2004 zuwa 2009, wannan bayani bai shafe shi ba, domin injinta ba shi da wannan tsari.

Aikin EGR shi ne ɗibar wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone, kafin ya wuce salansa, a sanyaya shi, sannan a mayar da shi cikin injin tare da sabuwar iska. Da yake hayaƙin ba ya sake kamawa da wuta, yana rage zafin ƙonewar man a cikin silinda, wanda hakan ke rage gurɓataccen hayaƙi, ya hana injin ƙwanƙwasa, ya kuma taimaka wajen tsimin mai. Hayaƙin yana bi ta wurare huɗu a jere. Da farko yana shiga kula, wani ɗan akwatin ƙarfe mara tsatsa mai siraran ramuka a ciki kamar saƙar zuma, wanda ruwan lagireto ke zagayawa yana sanyaya shi. Daga nan sai bawul, mai ɗan injin lantarki a kansa da kwamfutar mota ke buɗewa da rufewa. Sai wani gajeren bututun ƙarfe, sannan manifol ɗin shan iska, wanda na roba ne, inda hayaƙin ke rabuwa ta ƙananan ƙofofi huɗu, kowace silinda da tata. Duk inda hayaƙi ke bi kullum sai ya bar kunkunniya, kamar yadda ake gani a rufin ɗakin girki, kuma idan ta haɗu da tururin baƙin mai sai ta zama kamar kwalta.

Dalilin da ya sa haibirid ta fi fama da wannan shi ne injinta ba ya aiki a jere. Yana tashi ya mutu sau da yawa a tafiya ɗaya, kuma wanda duk zirga-zirgarsa daga Mabera zuwa Babbar Kasuwa ce, ko kai yara makaranta da ɗauko su, da wuya injinsa ya daɗe yana aiki da cikakken zafinsa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, akwai kuma al'adar zama cikin mota a tsaye da na'urar sanyi a kunne. Na'urar da lantarki take aiki, don haka injin yakan tashi na ɗan lokaci ya cika batir, ya mutu, ya sake tashi. Ga kuma wasu daga cikin injinan farkon wannan zubi da ke shan baƙin mai idan sun tsufa, wanda ke ƙara yawan dattin da ke biyo hayaƙin.

Illar ba a toshewar kanta kaɗai take ba, a rashin daidaiton toshewar take. Ƙofofin nan huɗu ba sa cikewa lokaci ɗaya. Sau da yawa ta silinda ta ɗaya, wadda ta fi nisa da mashigar bututun, ita ke fara rufewa, sai wata silinda ta riƙa samun hayaƙi fiye da kima, wata kuma ba ta samu sam, tana ta ƙuna da zafi. Makanikai da yawa da suka daɗe a kan wannan injin suna danganta ƙonewar gasket ɗin tof, wato siririyar shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, da wannan yanayi, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa maganarsu ba.

Tawa motar ta fara ne da jijjiga da safe a cikin hunturu. Da injin ya tashi sai ya yi ƙara kamar ana kaɗa duwatsu a cikin gwangwani, motar duka ta girgiza na 'yan daƙiƙu, sannan ta lafa kamar ba a yi ba. Garejin farko da na je aka canza mini fulogi huɗu, na biya, bayan mako guda ƙarar ta dawo. Bakanike na biyu, wani dattijo mara yawan magana, bai taɓa fulogi ba. Ya ɗauki sifana mai lamba 10, ya kwance gajeren bututun nan cikin 'yan mintuna, ya ɗaga shi sama ya ce, "Malam, wanga aiki ba na fulogi ba na, taho ka gani." Ramin da ya kamata ɗan yatsa ya shiga ya ƙanƙance har da ƙyar biro zai wuce, kuma da ya zura sukundireba sai baƙin gari ya zubo masa a tafin hannu kamar garin gawayi.

Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi, kuma da shi ya kamata kowa ya fara, domin bututun a fili yake a gefen injin kuma cire shi ba ya bukatar zubar da ruwa. Abin da aka gani a cikinsa manuniya ce ga halin da kula ke ciki, wadda yawanci ta fi shi muni. Idan an jona kwamfutar bincike, lambar P0401 tana nufin hayaƙin da ke wucewa bai kai yadda ake so ba, lambobin P0300 zuwa P0304 kuwa suna nufin silinda na fashin kama wuta. Amma kada a jira fitilar gargaɗi, domin takan yi jinkiri ƙwarai. Hanya na iya cikewa fiye da rabi alhali gaban mota shiru. Kafin a fara komai kuma, a duba tankin ruwan injin da safe na tsawon kwanaki, a sa alama da biro a jikinsa. Idan ruwan yana raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba, ko farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa, to mai yiwuwa gasket ya riga ya tafi, kuma wanke EGR ba zai dawo da shi ba; sai an yi gwajin da ke nuna ko hayaƙi na shiga ruwan, a gyara wancan tukuna.

Aikin yana cin yini guda ga wanda bai saba ba, wani lokaci har da kwana saboda jiƙon kula. A tanadi soket da sifana masu lamba 10 da 12 da dogayen hannuwansu, da soket mai bakin tauraro E8 na cire kusoshin da ke dashe, da filaya ta matse maƙalan tiyo, da ƙananan burushi irin na wanke kwalba, da gwangwanin feshin wanke kafireto ko na birki, da tsummoki masu tsabta, da sababbin gasket na manifol da na haɗin bututun, da ruwan sanyaya injin na Toyota mai launin hoda. A zaɓi wuri mai rufi wanda iska ba ta kwaso ƙura, musamman idan lokacin hazo ne, domin za a bar bakin injin a buɗe na sa'o'i. Kuma sai injin ya huce sarai, wato an fi so motar ta kwana a wurin.

Maganar tsaro a haibirid ta bambanta da ta sauran motoci, kuma a nan ne yaran gareji suka fi yin ganganci. Shirun injin ba ya nufin mota a kashe take. Muddin kalmar READY tana haske a gaban direba, injin na iya tashi da kansa hannun mutum na ciki. A kashe motar gaba ɗaya, a kai makullin nesa da ita, sannan a cire wayar negatif ta ƙaramin batir mai bolt 12, wanda a wannan Prius yake cikin but ta gefen dama. A bar ƙofar but a buɗe, ko a sa tsumma a bakin makullinta, domin da lantarki take buɗewa, kuma wanda ya rufe ta bayan ya cire batir sai ya rarrafa ta kujerar baya. Duk wayar da aka gani mai launin ruwan lemo ta babban batir ce, wanda ƙarfinsa ya haura bolt 200 kuma inbata, na'urar da ke sarrafa wutar batirin kafin ta tuƙa motar, ke ɗaga shi har zuwa 650. Wannan aiki ba ya bukatar taɓa ko ɗaya daga cikinsu, don haka kada a ja su, kada a jingina a kansu, kada a ɗora musu ƙarfe.

Ana farawa da buɗe fili. A cire waifa biyu, da robar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, da injin waifar, da farantin ƙarfen da ke ƙasansu, domin kula tana can bayan injin ne a ƙarƙashin wannan faranti. Sannan a cire akwatin iyakilina da tiyonsa. Kafin a zare kowace waya ko tiyo a ɗauki hoto da wayar hannu, kuma notin kowane sashe a zuba shi a gwangwaninsa daban. Daga nan a buɗe ƴar magudanar da ke ƙasan lagireto a tari kimanin lita biyu na ruwa a roba mai tsabta, wanda ya isa ya saukar da ruwan ƙasa da kula, ta yadda ba zai kwarara ba idan an zare tiyoyinta. A lura tankunan ruwa biyu ne a gaban motar, ɗaya na injin, ɗaya na inbata, kuma na inbata ba ruwanmu da shi.

Kula da bawul a haɗe ake fito da su. Wurin da ke ba kowa wuya shi ne wani noti mai lamba 12 da ke ƙarƙashin kula, wanda ba a ganinsa sai dai a laluba da hannu, da kuma notuna biyu na baya inda take haɗuwa da manifol ɗin salansa, waɗanda zafi ya gasa shekara da shekaru. A fesa musu man sassauta tsatsa tun da wuri, a ba su lokaci, kada a yi musu ƙarfi, domin kusar da ta karye a wannan lungu tana iya mayar da aikin yini ɗaya na mako guda. Bayan an cire notunan sai a kwance kusoshin kansu da soket E8, sannan kula za ta sami hanyar zamewa. Akwai siririn gasket na ƙarfe a bayan nan wanda yake son faɗawa ƙasan injin, sai a tare shi da hannu.

Wankin kula shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne ake yawan ha'inta. Idan aka raba ta da bawul aka ɗaga ta ga rana, wadda ta toshe ba ta nuna ko ɗigon haske. A toshe baki ɗaya da roba ko leda mai kauri a ɗaure tam, a tsayar da ita, a cika ramin hayaƙin da ruwan zafi mai garin sabulu da yawa, a bar ta ta jiƙa kamar sa'a guda, a zubar, a ɗauraye, a sake. Ruwan farko zai fito baƙi ƙirin, na biyar ko na shida ya fara komawa ruwan shayi. Idan ta yi taurin kai, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana narkar da wannan datti sosai, kuma ƙarfen kula yana jure ta, amma da sharaɗi: a sa safar hannu ta roba da tabarau, a riƙa zuba sodar cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kan soda, kuma kada ko ɗigonta ya taɓa bawul, domin jikinsa alminiyon ne kuma soda cinye shi take yi. Bayan jiƙon, a kai ta wurin masu wankin mota su harba mata ruwa da injin wankinsu ta kowane baki, har sai ruwan ya fito fari kuma da ƙarfi. Ba a gama ba sai an ga haske ta kusan dukkan ramukan. Abu ɗaya da nake hani da shi da babbar murya shi ne ƙona ta da wuta kamar yadda ake yi wa salansar babur; bangayen cikinta sirara ne, kuma idan suka tsage ruwan lagireto zai riƙa bin hayaƙi yana shiga injin, an yi gyaran gangar Auzinawa kenan. A ƙarshe a shanya ta a rana har ta bushe ƙayau, wanda a Sakkwato ba ya ɗaukar lokaci.

Bawul ba a jiƙa shi. A riƙe shi kan lantarkin yana sama, a fesa maganin wankin a ramin ƙasa, a goge da ƙaramin burushi da tsumma har bakin da ke rufewa ya fito fes, ana kiyaye kada ruwan ya gangara cikin ɗan injin. Bututun kuwa burushi da feshi sun ishe shi.

Saura manifol, wanda mafi yawan masu gyara ke tsallakewa saboda sun gaji, alhali wanda ya wanke kula ya bar shi ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Hasali ma yanzu hayaƙi zai zo da yawa ya tarar da ƙofa ɗaya ko biyu kawai a buɗe, rashin daidaiton ya ƙaru. A kwance maƙogwaron totur a ajiye shi gefe ba tare da an zare tiyoyin ruwansa ba, a cire wayoyi da ƙananan tiyoyin da ke jikin manifol, sannan a kwance shi daga injin. Nan take a cusa tsummoki masu tsabta a ramuka huɗu na jikin injin, a kuma ƙirga su, don a tabbatar an fitar da adadin da aka sa. A ƙasan manifol za a tarar da ɗan tafkin baƙin mai, wannan ba abin tsoro ba ne, a zubar. A cire na'urar auna iska da ke jikinsa kafin a jiƙa shi, a tsabtace ta a hankali ba tare da an zura mata komai ba. Ƙofofin EGR ƙanana ne, suna kusa da bakin kowane rami, kuma wani lokaci datti ya shafe su har sai an nema. A bi kowace da siririn burushi, a bi doguwar hanyar da ta haɗa su, sannan a zuba ruwa ta mashigar bututun a ga yana fita ta duka huɗun daidai wa daida. Da yake roba ne, ba a kusantar da shi ga wuta, ba a kuma ƙwaƙule shi da ƙarfe mai kaifi. Tun da an riga an buɗe wurin, a duba ɗan bawul ɗin PCV da ke jikin injin a bayan manifol, wanda ta nan tururin baƙin mai ke shigowa. Ba shi da tsada, kuma canza shi yanzu ya fi sake kwance komai saboda shi.

Wajen mayarwa a bi hotunan da aka ɗauka daga na ƙarshe zuwa na farko. A fara ɗaura kowane noti da hannu kafin a sa sifana, a ɗaure manifol daga tsakiya zuwa gefe, kuma ƙananan notuna masu lamba 10 ba sa son ƙarfi. A mayar da ruwan da aka tara ta tankin injin idan mai tsabta ne, a cika da sabo. Kada a cika da ruwan rijiya ko na leda, domin yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a cikin kula da famfon ruwan, wanda a wannan injin na lantarki ne.

Fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwa yana bukatar injin ya daɗe yana aiki, haibirid kuwa ba ta yarda da haka sai an sa ta a yanayin gyara. Bayan an mayar da batir, a danna maɓallin kunnawa sau biyu ba tare da taka birki ba. Giya tana P a taka totur har ƙasa sau biyu, a taka birki a sa N a sake taka totur sau biyu, a mayar P a ƙara sau biyu, duka cikin minti ɗaya. Rubutun yanayin gyara zai bayyana a gaban direba, sai a taka birki a kunna. A bar injin yana aiki a fili, hita a kunne, har fankar lagireto ta tashi, ana duban ruwan da kuma haɗin tiyoyi ko akwai yoyo, ana kuma sauraren huci a wurin gasket ɗin baya. Ba a tuƙa mota a wannan yanayi. Kashe ta kawai ke fitar da ita daga ciki. Washegari da safe a sake duba ruwan a cika zuwa layi, a goge tsofaffin lambobin da kwamfuta.

Akwai masu ba da shawarar a toshe hanyar gaba ɗaya da faranti a huta. A wannan injin ban yarda da hakan ba, domin kwamfutarsa ta gina lissafinta ne a kan cewa hayaƙin yana shigowa, kuma toshe shi da gangan daidai yake da cutar da ake gudu. Maganin da ake zubawa a tankin mai ma ba ya isa kula, don haka ba ya maye gurbin kwancewa.

Game da lokacin maimaitawa, ra'ayina shi ne duk motar da aka shigo da ita ta hannu, ta Legas ta zo ko ta Kwatano, a ɗauka ba a taɓa wanke ta ba, a yi mata a watan farko, ba tare da dogaro da lambar da ke gaban mota ba, wadda ana iya juya ta, kuma idan motar Amurka ce da mil take ƙirga, kowane mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Bayan haka ni nakan cire gajeren bututun in duba sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, in kuma yi cikakken wanki idan an yi tafiyar kilomita 80,000 ko kafin haka idan bututun ya nuna. Tsakanin wanki da wanki, abin da ke rage taruwar dattin shi ne canza baƙin mai a kan kari da irin wanda Toyota ta ƙayyade, wato 0W-20, da duba sandar mai kowane mako biyu ga injin da ke sha, da canza iyakilina da zarar ƙurar hazo ta cika ta maimakon a yi ta bugun ta a jikin taya, da kuma ba motar doguwar hanya lokaci-lokaci, kamar zuwa Birnin Kebbi ko Gusau, inda injin zai yi sa'o'i yana aiki da zafinsa. Ranar da aka yi wankin da lambar tafiyar a rubuta su da fenti ko maka a cikin murfin akwatin iyakilina, inda duk bakaniken da ya buɗe bonet zai gani.